Tafiyata Zuwa Kogin Test, Inda Ake Kama Kifi da Gashin Tsuntsu

Kogin Test yana kudancin Ingila, a yankin Hampshire, kuma ba wani babban kogi ba ne idan ana maganar tsawo ko faɗi, domin daga inda ya ɓuɓɓugo kusa da ƙauyen Ashe zuwa inda ya faɗa teku ta wajen Southampton bai wuce kilomita 64 ba. Duk da haka sunansa ya zagaya duniya a tsakanin masu wani irin kamun kifi wanda ba a sa tana ko wani abinci a bakin ƙugiya, sai dai a naɗe ƙugiyar da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta bisa ruwa, kifi ya ɗauka abincinsa ne ya haɗiye. Wani abokina da ya daɗe yana wannan wasa shi ne ya gayyace ni, ya kuma dage cewa sai a ƙarshen watan Mayu za mu je, saboda a lokacin ne wani ƙwaro na musamman yake fitowa daga cikin ruwa, kifayen da suka saba ɓuya su fito fili suna cin sa.

Mun shiga jirgin ƙasa daga tashar Waterloo ta Landan zuwa Winchester, tafiyar kimanin awa ɗaya, daga nan muka ɗauki mota muka nufi yamma zuwa garin Stockbridge. Hanyar tana ratsa tuddai marasa tsawo, kuma duk inda aka yanki gefen tudu don hanya ta wuce, sai ka ga ƙasar fara fat, domin alli ne zalla a ƙarƙashin ciyawar. Stockbridge ƙaramin gari ne mai titi guda ɗaya mai faɗi, rassan kogin suna bi ta ƙarƙashin titin, har mai tafiya a ƙafa kan tsaya ya leƙa ya ga manyan kifayen tirawut suna tsaye cikin ruwa, suna kaɗa wutsiya a hankali. A wannan gari ne ƙungiyar masunta ta Houghton Club take da mazauni, wadda aka kafa tun 1822, kuma har yau tana riƙe da dogon yanki na kogin.

Abin da ya fara kama idona shi ne tsabtar ruwan, kuma wancan farin allin da muka gani a hanya shi ne sirrinsa. Ruwan sama idan ya sauka a kan tuddan alli ba ya gangarowa da gudu yana kwasar laka, sai dai ya nutse cikin dutsen, wanda yake shanye ruwa yana riƙewa, ya daɗe yana tacewa a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito ta maɓuɓɓuga. Saboda haka ruwan yakan fito garau, sanyinsa kuwa kusan digiri 10 ne a ma'aunin Salshiyos ko da rani ko da hunturu, kogin ba ya yawan ambaliya kuma ba ya saurin ƙafewa. Sinadarin da ruwan ya kwaso daga alli yana sa ciyawar ruwa ta yi kyau, ƙwari da ƙananan jatan lande da dodon koɗi su yawaita, kifi kuma ya samu abinci ya girma. Irin waɗannan koguna ba su da yawa, ƙididdigarsu a duniya ta ɗan haura 200 ne kawai, kuma kusan kashi 85 cikin 100 suna Ingila.

Ba a zuwa kogin nan haka kawai a jefa ƙugiya. Da farko sai mutum ya mallaki lasisin kamun kifi daga hukumar kula da muhalli ta Ingila, sannan ya samu izinin mai wurin, domin haƙƙin kamun kifi a kusan kowane yanki na kogin mallakar wani ne, an kuma yanka gaɓar kashi-kashi ana bayar da ita haya ta yini. A lokacin fitowar ƙwaron, kuɗin yini guda a yankuna masu suna yakan kai ɗaruruwan fam. Da hantsi muka isa namu yankin, inda mai kula da kogin, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya tarbe mu a bakin wata 'yar bukkar katako ya karanta mana dokokin wurin. Ba a shiga cikin ruwa, daga gaɓa ake jifa. Ana jifa ne zuwa wajen da ruwa yake fitowa, ba wajen da yake tafiya ba. Ƙwaron ƙugiyar da za a yi amfani da shi dole ya kasance mai zama bisa ruwa, ba mai nutsewa ba. Sannan ba a jifa da ka, sai ka ga kifin da idonka, ko ka ga inda ya taso ya ci ƙwaro, kafin ka nufe shi.

Kayan aikin ba su da nauyi. Sandar siririya ce, tsawonta kusan ƙafa 9, mai lanƙwasa, da 'yar kwarkwaron naɗe igiya a gindinta. Igiyar tana da kauri kuma tana iyo, a bakinta an ɗaura wani zaren roba mai wuyar gani wanda yake sirancewa sannu a hankali har ƙarshensa ya zama kamar gashin kai, kuma a nan ake ƙulla ƙwaron. Abokina ya buɗe mini akwatin ƙwarinsa na ɗauki ɗaya na ɗora a tafin hannuna. Jikin an yi shi da zare mai launin madara, an zagaya shi da wani zaren ruwan ƙasa, wutsiyar silin gashin tsuntsu ne guda 3, sannan an naɗa gashin wuyan zakara a bayan idon ƙugiyar har silin ya miƙe ko'ina, kuma waɗannan silin su ne suke tokare fuskar ruwa su hana ƙugiyar nutsewa. Da na hura masa iska kaɗan sai ya tashi daga hannuna. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin wani marubuci na zamanin Rumawa mai suna Aelian ya bayyana, wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, yadda mutanen Masidoniya suke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya su kama kifi.

Rashin nauyin ƙwaron shi ne ya sa jifar take da wuyar koyo. A sauran hanyoyin fatsa, nauyin dalma ko na abincin da ke bakin ƙugiya shi yake jan zare ya tafi, amma a nan igiyar kanta ake jefawa, ƙwaron yana biye da ita ne kawai. Mutum yakan ɗaga sandar da ɗan ƙarfi ya tsayar da ita cak idan ta wuce kansa kaɗan, ya jira igiyar ta miƙe a bayansa cikin iska, sannan ya turo ta gaba ya sake tsayarwa, igiyar ta warware a gabansa, ƙwaron ya sauka a hankali. Wannan ɗan jiran shi ne komai. Wanda ya yi gaggawa zai ji igiyar ta yi ƙara irin ta bulala, wani lokaci ma ƙwaron ya tsinke, wanda ya yi jinkiri kuma igiyarsa za ta faɗi cikin ciyawa a bayansa. Dattijon ya sa na yi ta gwadawa a kan ciyawa nesa da ruwa, yana riƙe da wuyan hannuna don kada ya karye baya, har sai da ya gamsu cewa ba zan razana kifin kogin ba.

Daga nan muka fara tafiya a gaɓa, muna fuskantar inda ruwa yake fitowa, kuma a wannan tafiya ce na fahimci cewa mafi yawan aikin kallo ne. Kifin tirawut yakan tsaya yana fuskantar ruwan da ke gangarowa, saboda ta nan abinci yake zuwa masa, don haka wanda ya biyo ta bayansa ya fi samun damar matsowa ba tare da an gan shi ba. Kifi yana hangen abin da ke wajen ruwa ne ta wata taga mai zagaye a saman kansa, wadda karkacewar haske a fuskar ruwa take haifarwa, kuma abin da ya yi ƙasa-ƙasa kusa da gaɓa ba ya fitowa sosai a cikinta, shi ya sa masu wannan kamu suke sunkuyawa ko su durƙusa. Mun sa tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, amma duk da haka sai da dattijon ya nuna mini da yatsa kafin na rarrabe kifi daga tsakuwa. Ya ce kada in nemi kifin kansa, in nemi inuwarsa a kan farar tsakuwa, ko farin bakinsa idan ya buɗe, ko wutsiyar da take kaɗawa ba daidai da kaɗawar ciyawa ba. Ya kuma nuna mini wuraren da kifi yake zaɓa: bayan tarin ciyawa inda ƙarfin ruwa ya ragu, ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, da kan iyakar da ruwa mai gudu ya haɗu da mai tafiya a hankali, inda zai huta kuma abinci ya riƙa wucewa ta gabansa.

A ƙarƙashin wata bishiya muka sami wani kifi da ya tsaya kusa da fuskar ruwa. Bayansa ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, gefensa da ɗigon ja, kuma lokaci zuwa lokaci yakan karkata ya taso, ya buɗe baki ya tsotse wani abu, ya koma daidai inda yake. Na ɗaga sanda, sai abokina ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, dakata tukuna, mu fara ganin abin da yake ci." Muka durƙusa muna kallo har muka gane cewa wasu ƙananan ƙwari masu launin ganye yake ɗauka, manyan ba su fara fitowa ba, don haka muka canja zuwa ƙaramin ƙwaro. Jifar ta sauka gabansa da kamar taku guda, ƙwaron ya gangaro, kifin ya taso har hancinsa ya kusa taɓa shi, ya bi shi da baya-baya yana dubawa, sannan ya juya ya koma. Dattijon ya bayyana dalili: ruwan tsakiyar kogi ya fi na gefe gudu, ya ja cikin igiyar, igiyar ta ja ƙwaron, ƙwaron ya ɗan ja layi a fuskar ruwa. Ƙwaro na gaskiya ba abin da yake jan sa, yana tafiya ne daidai da ruwan da ya ɗauke shi, kuma kifin da ya shekara yana kallon ƙwari ya san bambancin. Maganin shi ne a jefa igiyar da ɗan sassauci, ko a karkatar da sandar kafin igiyar ta sauka, domin ƙwaron ya samu 'yan daƙiƙu yana tafiya da kansa.

Bayan azahar gari ya ɗan lumshe, iska ta kwanta, sai abin da muka zo dominsa ya fara. Wannan ƙwaro, wanda Turawa suke alaƙanta shi da watan Mayu kuma masana suke kira Ephemera danica, yakan yi kusan shekara 2 yana tsutsa a cikin yashi da lakar gindin kogi. Idan lokacinsa ya yi sai ya taso saman ruwa, fatar bayansa ta tsage, ya fito da fukafukai a tsaye, ya zauna bisa ruwan yana gangarawa har su bushe ya iya tashi. Na ga wannan da idona a kusa da ƙafata: ƙwaro mai tsawon kamar gaɓar yatsa, jikinsa ruwan madara, wutsiyarsa sili 3, yana jan jikinsa daga tsohuwar fatar, ita kuma ta tafi da ruwa fanko. Da farko ɗaya-ɗaya suke fitowa, kafin wani lokaci sun cika sararin kogin kamar shinge bayan ruwan farko. Tsuntsaye suka sauko suna cafkewa a iska, agwagi suna tsinta a ruwa, kifayen da ba mu san suna nan ba suka fito daga ƙarƙashin gaɓa suna bugun ruwa da ƙara.

Muka koma wurin kifin nan na ƙarƙashin bishiya da babban ƙwaro. Wannan karon ƙwaron ya gangaro ba abin da ke jan sa, kifin ya taso ba tare da shakka ba, bakinsa ya rufe a kai. An riga an gaya mini cewa kada in fizge nan take, in bari ya juya kansa ƙasa sannan in ɗaga sandar, haka kuwa na yi, sai na ji nauyinsa ya lanƙwasa ta. Ya ruga cikin ciyawa, na sassauta masa igiya don kada siririn zaren ya tsinke, na dawo da shi a hankali har dattijon ya sa ragar hannu ya tare shi. Ba mu fitar da shi daga ruwa ba. Ƙugiyar ba ta da ƙayar baya, don haka ta fita da sauƙi, kuma sai da na jiƙa hannuna kafin na taɓa shi, saboda busasshen hannu yana goge santsin da ke kare fatarsa daga cuta. Na riƙe shi yana fuskantar ruwan da ke gangarowa har ya dawo da ƙarfinsa, ya buga wutsiya ya tafi. Dattijon ya ce kifin haihuwar kogin ne, ba na kiwo da ake zubawa ba, ya gane haka daga cikar fukafukansa da kaifin gefen wutsiyarsa, kuma irinsa ba a kashewa a yankinsa.

Dokar nan ta cewa sai ƙwaro mai zama bisa ruwa tana da tarihi, kuma mun yi hirarta a bakin bukka muna hutawa. Frederic Halford, wanda ya rayu daga 1844 zuwa 1914, shi ne ya tsara wannan hanya ya kuma yaɗa ta, ya yi shekarunsa na ƙarshe yana kamu a Mottisfont a kan wannan kogi, inda bukkarsa take har yanzu. Mabiyansa suka ɗauki hanyar a matsayin ita kaɗai ce ta dace da kogunan alli. Wani lauya mai suna G. E. M. Skues, wanda ya daɗe yana kamu a Kogin Itchen kusa da Winchester, ya lura cewa sau da yawa kifin da ake zaton yana cin ƙwaro a sama, tsutsar da ke tasowa yake ci a ƙarƙashin fuskar ruwa, ya tabbatar da haka ta hanyar duba abin da ke cikin tumbin kifayen da ya kama, sai ya fara ɗaura ƙugiya mai kama da tsutsar. Gardamar ta yi zafi har aka yi muhawara a kanta a ƙungiyar masu irin wannan kamu, Flyfishers' Club ta Landan, a 1938, kuma a shekarar ce Skues ya bar Itchen. A ganina Skues ya fi kusa da gaskiya, domin ya bi abin da kifi yake yi ne, ba abin da mutane suke so ya yi ba, kuma a yau yankuna da yawa suna yarda da hanyarsa idan rani ya yi nisa. Amma na ga amfanin dokar Halford a aikace: tana rage yawan kifin da ake kamawa, tana kuma tilasta wa mutum ya tsaya ya duba. A kan tushe ɗaya dai mutanen biyu ba su saɓa ba, wato a ga kifi, a san abin da yake ci, sannan a kwaikwayi abin.

Da yamma, rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci sai wajen ƙarfe 9, muka ga kashi na biyu na rayuwar ƙwaron. Waɗanda suka fito a kwanakin baya sun ɓuya cikin ganyaye sun sake saɓa, abin da babu wani jinsin ƙwaro da yake yi bayan ya riga ya yi fukafukai, sun fito da jiki mai sheƙi. Mazan suka taru a gefen bishiyoyi suna tashi sama suna saukowa, matan suka koma kan ruwa suna zuba ƙwai, daga nan su faɗi da fukafukai a shimfiɗe. Ba su da bakin cin abinci a wannan mataki, don haka kwanansu ba ya da yawa. Kifin ma ya canja salon ci, ya daina bugun ruwa, yana tsotsa a natse saboda ya san waɗannan ba za su tashi ba, mu ma muka canja zuwa ƙwaro mai shimfiɗaɗɗun fukafukai.

Washegari ban ɗauki sanda ba, na bi hanyar ƙafa ta Test Way, wadda a wannan yanki take bin tsohon layin dogo, na kuma ratsa ta Longstock inda tsofaffin tarkunan kifi suke jere a jikin wata gada kusa da bukka mai rufin ciyawa, na wuce har filin kiwo na Chilbolton. A can kowa yana da damar zuwa bakin ruwa, na tarar da iyalai suna zaune a ciyawa, masu kallon tsuntsaye da madubin hangen nesa, da tsofaffi masu tattaki. Na ji daɗin ganin haka, domin abin da ya dame ni a tafiyar shi ne yadda tsada ta sa mafi yawan gaɓar kogin ta zama ta masu hali kaɗai, alhali yaron da bai taɓa tsayawa bakin ruwa ya ga kifi ba, da wuya ya damu da kogin idan ya girma. A wannan tattaki ne kuma na lura cewa kogin da nake ɗauka haka Allah ya bar shi, hannun mutane ya daɗe a kansa. Yawancin rassan da ya rarrabu a cikinsu haƙa su aka yi, wasu don juya injinan niƙa, wasu kuma tun ƙarni na 17 don malala ruwa a filayen kiwo da hunturu, ciyawa ta fito da wuri. Ciyawar ruwa mai farin fure da ke ba kifi mafaka, ita ma yankanta ake yi da dogon lauje a ranakun da aka tsayar wa kogin baki ɗaya, ana barin wani sashe ana cire wani, don ruwa ya riƙa gudu yana wanke tsakuwar da kifi yake zuba ƙwai a ciki.

Kafin mu bar yankin na koma yin sallama da dattijon, na same shi tsaye cikin ruwa da raga mai ƙananan ido. Ya kafa ragar a ƙasa yana tona tsakuwa da ƙafarsa na tsawon minti 3, abin da ya taso ruwa ya kai shi cikin ragar, sannan ya juye a wani farin faranti mai ruwa. Da farko tarkace kawai na gani, sai tarkacen ya fara motsi: ƙananan jatan lande suna iyo a karkace, tsutsotsi masu gidan yashi da suka ɗinka wa kansu suna jan sa, wasu shimfiɗaɗɗu masu manne wa dutse, da 'yan tsutsar babban ƙwaron da za su fito baɗi. Ya ƙirga kowane jinsi ya rubuta. Wannan ƙidaya wani shiri ne da masunta da masu sa kai suke gudanarwa a kogunan Birtaniya a ƙarƙashin wata haɗaka mai kula da ƙwarin kogi da ake kira Riverfly Partnership, kuma dalilinta shi ne ƙwarin nan ba sa jure gurɓataccen ruwa. Kogunan alli suna fama da yawan ɗibar ruwa daga ƙarƙashin ƙasa don amfanin birane, da ruwan ƙazanta, da takin zamani da laka da ke gangarowa daga gonaki su toshe tsakuwa. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali ya lalace, amma adadin ƙwari ba ya ɓoye hakan. Idan ƙidayar wani wata ta faɗi ƙasa da iyakar da aka tsayar wa wurin, ana sanar da hukumar muhalli ta zo ta binciki abin da ya shiga ruwan. Ta wannan rana ba ta faɗi ba, dattijon ya rufe littafinsa, ya mayar da abin da ke cikin farantin cikin kogi, mu kuma muka kama hanyar Winchester don mu sami jirgin yamma.